Mutumin da Ya Ƙi Zuwa Hannu Wofi

An taɓa yin wani mutum a nan ƙasarmu, a wani gari tsakanin Galmi da Malbaza, sana'arsa ginar rijiya. Ba zan kama sunansa ba, domin matarsa tana raye, 'yarsa ma ta yi aure ta haihu. Su da kansu suka yarda a ba da labarin nan, ko ya amfani wani.

A cikin ikilisiya aka haife shi. Mahaifinsa yana cikin mutanen farko da suka ba da gaskiya a garin, a zamanin da mai yin haka yakan rasa dangi da gona. Ya iya waƙoƙin sujada tun bai iya ɗaura wa kansa wando ba. Kalmar alheri kuwa ya ji ta ya fi a ƙirga. Ku riƙe wannan, ya 'yan uwa, kada wani ya zaci labarin wanda bishara ba ta kai wa ba ne.

Allah ya ba shi hannu. Masu garkar albasa daga Galmi har Tsarnawa sun san shi. In ya tsaya a fili ya dubi ƙasa da itatuwan wurin ya ce a gina nan, da wuya a gina a rasa ruwa.

Yana da abokin aiki mai suna Badaru. Tare suka tashi, rana ɗaya aka yi musu baftisma. Ƙa'idar aikinsu ita ce, in yau wannan ya shiga rami, gobe wancan ne zai shiga. Wanda yake sama shi ne mai lura da igiya da masu ja. Ran na ƙasa yana hannun na sama, kowannensu ya san haka.

Wata bazara aka kira su wani ƙauye a kan hanyar Illela. Rijiyar ta yi zurfi, ta haura gaba goma sha takwas ba a tarar da ruwa ba. Kullum da sassafe sukan hau babur ɗaya su tafi, su dawo da yamma. Igiyarsu ta tsufa. Badaru ya yi maganarta, mutumin nan ya ce ranar kasuwar Konni zai sayo sabuwa. Kasuwa ta ci ta watse bai je ba.

Ranar da abin zai faru, mutumin nan ne da shiga. Yana warware igiya, Badaru yana can gefe yana gaisawa da mai gari, sai hannunsa ya faɗa wani wuri da ya sirance. Ya duba. Ɗaya cikin tufka ukun ta cinye, ta biyu ta fara sakin zare.

Me ya kamata ya yi? Yaro ma ya sani. Kamata ya yi ya ce yau ba aiki, sai an kawo igiya. Amma tun jiya ƙasar da ake fitarwa ta fara damshi, mutanen ƙauyen sun taru, mata har sun fito da tuluna, ga kuma wani aiki yana jiransu a Bazaga. Ya ce wa zuciyarsa igiyar za ta riƙe na yini ɗaya.

To, in ya yarda za ta riƙe, me ya hana shi shiga?

Da Badaru ya ƙaraso, sai mutumin nan ya dafe ƙugu ya ce bayansa ya riƙe tun daren jiya. Badaru ya yi dariya, ya ce tsufa ne ya fara sallama. Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya, aka zura shi.

Igiyar ta riƙe duk safiya. Bokitin laka yana hawa yana sauka, kuma duk lokacin da siririn wurin nan ya ratsa tafin hannunsa, sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi. Sau biyu ya buɗe baki zai ce a tsaya, ya sake rufewa. Da rana ta take tsaka, muryar Badaru ta taso daga ƙasa cewa ruwa ya ɓulɓulo, a ja shi. Mata suka ɗauki guɗa. Samari suka kama ja. Ya wuce rabi, har an fara hango farin haƙoransa yana murmushi, sai igiyar ta rabu biyu. Masu ja suka zube da baya. Guɗa ta yanke.

Ba wanda ya zargi mutumin nan. Igiya takan tsinke, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Shi da kansa ya shiga da igiyar aro ya ɗauro gawar abokinsa, mutane suka yi ta yaba ƙarfin halinsa.

Da aka kai gawar gida, matar Badaru, Husna, tana tsaye a tsakar gida da ɗanta a goye. Ba ta tambaye shi kome ba. Shi ne bakinsa ya riga shi, ya ce mata, "Yau shi ke da shiga." Ta ɗago ta dube shi, ta sunkuyar da kai.

Bayan jana'iza ya durƙusa zai yi addu'a, kalma ta ƙi fita. Ranar Lahadi ya ƙudura zai je ya gaya wa fasto kome da kome. Ya kai har ƙofar gidan, ya ji motsin mutane a ciki, ya tuna yadda za a dube shi, ɗan wane guda, sai ya juya. A kan hanyarsa ta komawa ya yanke shawarar da ta ci ransa. Ya ce a zuciyarsa, da hannuna na ɓata, da hannuna zan gyara. In na gyara, sa'an nan in tsaya gaban Allah.

Ku ji yadda maganar take da daɗin ji. Wa zai ji ta ya ce ta mugu ce?

Ya fara aiki. Kowace kaka, kafin ya zuba hatsi a rumbunsa sai ya kai wa Husna nata. Katangarta ta faɗi da damina, ya tashe ta shi kaɗai. Ya gina wa ikilisiya rijiya bai karɓi kome ba. Ya gina wa ƙauyukan Musulmi biyu, su ma haka, har limaminsu ya tako ya yi masa godiya. Shi ne na farko a majami'a, shi ne mai share ta, shi ne mai rufe ƙofa. Yakan yi azumi ranakun da ba wanda ya sa shi. Tun daga ranar nan kuma bai ƙara barin wani ya shiga rami a madadinsa ba.

Duk sa'ad da ya gama wani aikin kirki, yakan ji sauƙi kwana ɗaya ko biyu. Ya ci abinci ya ji ɗanɗano. A rana ta uku sai nauyin ya dawo ya zauna masa a ƙirji kamar dā, wani lokaci ma ya fi. Sai ya tashi neman wani aikin da ya fi na baya girma.

Mutane ba su ga wannan ba. Abin da suka gani shi ne bawan Allah. Aka zaɓe shi dattijon ikilisiya, ba hannu ɗaya da ya ƙi tashi. Iyaye sukan ce wa 'ya'yansu su yi koyi da shi.

Ranar jibin Ubangiji shi yakan zaga da faranti. Yakan miƙa wa kowa gurasa, ya ɗauki nasa a ƙarshe, ya kai hannu baki kamar ya ci, alhali gutsuren yana dunƙule a tafinsa. In an rufe ido ana addu'a, sai ya zura shi aljihu. Matarsa Hafiza ce take wanki, ita take tarar da busasshiyar gurasa a aljihun rigarsa ta Lahadi. Sau ɗaya ta tambaye shi. Irin kallon da ya yi mata ya sa ba ta ƙara ba.

A gida ya zama wani mutum dabam. Dariya ta ƙare masa, kuma ba ya son ya ji ta a bakin wani. In 'yarsa Kyauta ta makara addu'ar safe, sai ya hana ta karin kumallo. In Hafiza ta zauna hutawa, sai ya ce lalaci ne. Wanda bai samu hutu a ransa ba, yaya zai bar wani ya huta?

Shekara goma sha biyu ana haka.

Sai ga wani mai suna Jamilu ya dawo gari. Ɗan ikilisiya ne shi ma, amma ya daɗe da barin hanya. Ya tafi Konni yana kabu-kabu da babur, ya faɗa shan ƙwaya, ya bar matarsa da yara biyu shekara shida ba aike ba saƙo. Ya dawo a rame, ya je wurin Fasto Alkasum, wanda yake kiwon ikilisiyar a lokacin, suka daɗe suna zama wata da watanni. Wata Lahadi ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi duk abin da ya aikata da bakinsa, bai rage ba. Ya juya wajen matarsa ya roƙe ta gafara. Mata suka shiga shessheka.

Da dattawa suka zauna a kan maganar karɓarsa, kowa ya yarda sai mutumin nan. Ya ce wace wahala Jamilu ya sha? Wane aiki ya yi wa Allah? Mutum ya yi shekara shida a cikin ƙazanta, ya zo ya zubar da hawaye na minti goma, shi ke nan a ce an wanke shi? Ya ce a sa shi bencin baya shekara uku, ya yi ta share majami'a, a ga ko ya cancanta.

Fasto Alkasum ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, "Dattijo, gyaran gidanshi yana gabanshi, kuma za mu tsaya mishi har shi gyara. Amma in cancanta muke jira, ni ne na farko da zan koma bencin baya. Abin da Yesu ya gama a bisa gicciye, ba mu da abin ƙarawa."

Mutumin nan ya tashi ya fita ba sallama.

Aka karɓi Jamilu. Kuma abin da ya fi ƙona wa mutumin nan rai shi ne fuskar Jamilu a lokacin waƙa. Ba ya da murya, yakan ɓata amshi, amma yana rera ta da dukan jikinsa kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. Ya koma gona, ya koma ɗakin matarsa, yaransa suka fara bin sa a baya. Dattijon yana zaune a gaba yana kallo. Abin da ya yi shekara goma sha biyu yana gini da gumi bai samu ba, ga shi an ba ɗan ƙwaya a kyauta. Ya fara zagawa gida gida yana cewa fasto ya mai da gidan Allah kasuwa. Wasu suka bi bayansa. Ikilisiyar da ba ta cika mutum tamanin ba ta kama hanyar rabewa biyu.

A nan ne Husna ta ga shirunta ya isa. Wata rana da hantsi ta same shi a garkarsa yana ban ruwan albasa. Suka gaisa, ta zauna a gindin itacen bedi, ta ce ya ajiye guga ya zo, magana gare ta.

Ta ce, "Baban Kyauta, ranar da anka kawo Badaru, kahin shi hita da sahe ya hwaɗa mini kai ke da shiga, shi yana bisa. Ya hwaɗa mini zancen igiya tun sati guda. Da ka ce mini shi ke da shiga ban tambaye ka ba, nan na gane."

Ya zauna a kan kunyar albasa, ruwa yana bin ƙafarsa bai sani ba.

Ta ci gaba da magana a hankali. Ta gaya masa cewa shekara biyun farko ta ƙi shi ƙiyayyar da ba ta taɓa yi wa mahaluki ba. Hatsin da yake kawowa ba ta taɓa dafa shi ba a lokacin, maƙwabta take raba wa. Ta yi addu'a Allah ya tona shi. Sai a shekara ta uku, tana kwance da ciwo, ta ga ƙiyayyar nan tana cin ta ita ma, ta ga ita kanta mai neman jinƙai ce. Ta yi kokawa da abin wata da watanni, har ranar da ta iya kiran sunansa a addu'a ba tare da ɗaci ba. Tun daga nan ta samu salamar da ba ta rabu da ita ba, ko a shekarar da fari ya cinye gonarta. Ba ta gaya wa kowa ba, ko fasto. Ta yi ta jira ya zo da ƙafarsa.

Ta ce, "Na yahe maka tun tuni. Ubangiji kuwa ya riga ni. Ina ganinka kana kashe kanka da aiki. Ka bari haka nan, ka zo ka huta. Ka bar Jamilu shi ma shi huta."

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan ku duba. Ga ƙofa a buɗe. Ba mai gani sai su biyu da Allah. Matar da ya mai da gwauruwa ce take miƙo masa hannu. Me ya rage masa in ba ya durƙusa ya ce na yi zunubi ba?

Hawaye sun taru masa, gaskiya ne. Amma sai wani tunani ya shigo: ashe duk shekarun nan da yake sauke dami a ƙofarta, yana jin kansa mai taimako, ita tana kallonsa a matsayin wanda aka yi wa afuwa. Ashe ita ce mai bayarwa, shi ne mai karɓa. Wannan ne ya kasa haɗiyewa.

Ya miƙe ya ce, "Ban roƙe ki ba. Abin da na yi miki da ɗiyanki, wa ya taɓa yi ma wani? Ni ba a ba ni sadaka."

Ya ɗauki gugansa ya koma bakin rijiya. Husna ta daɗe zaune, sa'an nan ta tashi ta tafi tana share ido.

Daga ranar bai sake taka majami'a ba. Gani yake kowa ya sani, ko da yake Husna ba ta buɗe baki ba. In mutum biyu suna magana ya wuce, sai ya ce da shi suke. Fasto Alkasum ya zo gidansa sau uku, sau uku yana cewa a ce ba ya nan. Waɗanda suka bi bayansa suka gaji da jira, suka koma.

Ya shiga karɓar aikin nesa, can cikin ƙauyukan Illela, yakan yi sati uku bai leƙo gida ba. Tsofaffin rijiyoyin da sauran magina suka ƙi, su yake nema. Wadda bakinta ya tsage, wadda iskar cikinta take kashe fitila, shi zai shiga. Hafiza ta roƙe shi, ta ce shekarunsa sun wuce wannan. Ya ce mata akwai abin da bai gama ba.

Farkon wata damina aka kira shi yasar wata tsohuwar rijiya da ba a ɗaure ta da siminti ba. An yi ruwa kwana biyu a jere, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Da ya iso, tsofaffin garin da kansu suka ce a dakata, gefen rijiyar yana zubar da ɓarɓashi. Shi ma ya gani, ya fi su sani. Amma ya ce mata suna tafiyar rabin yini neman ruwan sha, aikin lada ba ya jira. Ya shiga.

Bai yi awa guda ba gefen gabas ya zabtaro. Mutanen garin suka yi ta tono da hannu da ƙwarya, suna kiransa, wani lokaci ya amsa wani lokaci shiru. Sai bayan la'asar aka fito da shi. Aka sa shi a mota zuwa asibiti. Likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, rai ya tsaya, amma ƙashin baya ya karye. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin kome.

Aka dawo da shi gida aka shimfiɗa. Mutumin da bai taɓa zama ba, yanzu ko juyawa sai an juya shi.

Ikilisiya ba ta yashe shi ba. Maza suka nome gonarsa. Matan zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu suna kawo abinci. Hafiza ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai, sai ga Jamilu ya zo ya ce shi zai riƙa zuwa safe da yamma yana ɗaga shi a yi masa wanka. Jamilu ya san duk abin da dattijon ya faɗa a kansa, bai hana shi zuwa ba.

Da dattijon ya ga ko wane ne ya shigo, sai ya ce a fitar da shi. Ya ce gara ya kwana cikin ƙazantarsa. Abincin matan zumunta ya ce a mayar. Husna ta dama kunu da hannunta ta kawo, ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi, ya juya fuska bango har ta tafi. Ɗan abin da Hafiza ta dafa daga rumbunsa kaɗai yake yarda ya taɓa, shi ma cokali biyu. Gyambo ya fito masa a baya saboda kwanciya, zazzaɓi ya biyo.

Da Hafiza ta ga jiki ya ƙi, ta aika a kira fasto ba da saninsa ba. Fasto Alkasum ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da kansa. Can sai mutumin nan ya fara magana, idonsa yana kan rufin ɗaki. Ya faɗi zancen igiya, da ciwon bayan ƙarya, da abin da ya ce wa Husna a tsakar gidanta, da abin da ya ce mata a garka. Hafiza tana bakin ƙofa ta toshe bakinta da gyale. A ranar ta fara ji.

Fasto ya kama hannunsa ya ce masa zunubin babba ne, ba zai rage masa girmansa ba. Amma jinin Yesu ya fi shi girma, kuma saboda irin wannan ne aka zubar da shi. Ya ce ba a neman kome a wurinsa yanzu sai ya karɓa. Ya tambaye shi ko su yi addu'a tare.

Hafiza ta matso a kan gwiwoyinta tana kallon bakin mijinta.

Ya zare hannunsa daga na fasto a hankali. Ya ce, "Malam, bari in tashi tukuna. In na samu ƙahwa, akwai sauran aiki. Ba ni zuwa gabanshi hannu wohi."

Fasto ya ce, "Ba wanda ya taɓa zuwa da wani abu, dattijo."

Dattijon ya rufe ido.

Fasto ya dawo washegari, da jibi, da gata. Zazzaɓi ya riga ya ɗauke hankalinsa, ba ya gane mai shiga da mai fita. A rana ta shida, da hantsi, ya cika.

Ba ni da ikon in faɗa muku inda yake. Abin da ya wuce tsakaninsa da Mahaliccinsa a cikin kwanakin nan shida, Allah kaɗai ya sani, jinƙansa kuma ya fi tunaninmu faɗi. Abin da muka gani da ido shi nake faɗa: mutum ya yi shekara goma sha huɗu bai ɗanɗana salama ba, ya rasa abokinsa, ya rasa farin cikin gidansa, ya rasa zumuncin 'yan uwa, ya rasa ƙafafunsa, kuma maganar ƙarshe da aka ji daga bakinsa ta ƙin karɓa ce.

To, ya 'yan uwa, mene ne ya hallaka shi? Za ku ce abin da ya yi wa Badaru. Wannan mugun zunubi ne, ya kashe mutum, ya bar maraya. Amma akwai gafara dominsa, an ma kawo masa ita har garka, an kawo masa har shimfiɗa. Abin da ya kai shi ƙasa shi ne girman kan da ya sa rigar ibada. Ya fi son ya zama mai gyara kansa da ya zama wanda aka cece shi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an hana aikin kirki. Husna ta yi aikin kirki, Jamilu ma ya yi. Amma su sun fara karɓa ne, aikin ya fito daga godiya, shi ya sa bai gajiyar da su ba, bai kuma sa su ƙi kowa ba. Shi kuwa ya sa aiki a wurin da Mai Ceto ya kamata ya zauna. Sauƙin da aiki yake bayarwa na kwana biyu ne. Ƙoshin rai mai ɗorewa, wanda talauci da ciwo da mutuwa ba su iya ƙwacewa, daga alherin Allah yake fitowa, ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu ake karɓarsa.

Ina tambayarka, kai da kake zaune a gaba kowa yana ganin girmanka, me kake rufewa da hidimarka? Ke da ba ki fashin taron mata, yaushe rabon da ki kwanta da zuciya a sake? In an karɓi mai zunubi ka ji haushi maimakon murna, ka binciki kanka yau. Kuma kai da kake cewa sai ka gyaru tukuna za ka zo, wa ya ba ka tabbacin gobe? Ka zo yadda kake. Ka faɗi abin da ka yi da sunansa, ga Allah da ga wanda ka cuta, ka karɓi abin da ba ka isa ka saya ba.

Bari mu sunkuyar da kai.

Ya Uba mai jinƙai, ka san abin da kowannenmu ya binne. Ka karya taurin zuciyarmu tun muna da numfashi. Ka ba mu tawali'un da za mu buɗe hannu mu karɓa. Ka ta'azantar da gidan wannan bawa da gidan Badaru. Daga girman kai mai kama da ibada, da jinkirin tuba, da mutuwa a bakin ƙofar alheri, Allah ya kiyaye mu, mu da 'ya'yanmu, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.